Hular Malam Buba a Fayil ɗin Laraba

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da na buɗe fayil ɗin wata saniya a gaban mutum fiye da talatin, maimakon saniya sai ga hular Malam Buba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna jin ana kirana Injiniya Mai Ƙaho, kuna dariya a ɓoye, kuna zaton ban sani ba. Na sani. Gara ku ji labarin daga bakina, don Hajiya Rabi in ta ba da shi takan ƙara gishiri.

A lokacin ƙungiyarmu tana yi wa shanun makiyaya rajista a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, saboda satar shanu ta yi yawa. Ga wanda bai san aikin ba, hancin saniya yana da zane kamar yatsan mutum, kuma ba a samun biyu iri ɗaya. Ma'aikacin fili zai je ruga da na'urar hannu, ya ɗauki hoton saniya ta gaba, ya rubuta sunan mai ita, ya turo ofis. Ɓarawo yana iya yanke alamar kunne, amma ba ya iya sauya hanci. Hajiya Rabi ce shugabar sashen fasaha, ni ne injiniyan manhaja ɗaya tilo a ƙarƙashinta, sai ma'aikatan fili su takwas.

Manhajar da ke cikin na'urar hawa biyu ce. Hawan ƙasa an rubuta shi da yaren C, shi ne ke magana da kyamara, kuma a shirye muka same shi. Hawan sama da yaren Python yake, shi ke karɓar hoto ya haɗa da suna ya aika, kuma ni na rubuta shi. Tsakanin biyun akwai 'yar gada da hoto ke bi ya haye, layi bai kai ashirin ba. Ita ma ni na rubuta, wata rana da hantsi, ina cin gyaɗa da hannu ɗaya. Na gwada ta da hotuna masu yawa, duk suka haye lafiya, na rufe ban ƙara waiwayarta ba har shekara biyu.

Sai aka sace saniyar Inna Hajjo, wata dattijuwa da ke ruga a wajen Ɗansoshiya. Mijinta ya rasu, saniyar nan ɗaya ya bar mata mai ba da nono, sunanta Laraba, kuma ga maraƙi a gida. Washegari 'yan uwan Inna suka ga saniyar a wata kasuwar shanu ta yankin Tudun Wada, a hannun wani dillali, Ɗanlami, an yanke mata alamar kunne. Ɗanlami ya ce shi da rana tsaka ya karɓe ta daga hannun wani, kuma fararen shanu dubu ne a ƙasar nan. Da a da ne, da an kira shaidu an yi rantsuwa an gama. To amma mu ne muka yi shekara biyu muna yawo ƙauye-ƙauye muna cewa zamanin rantsuwa ya wuce, kwamfuta ba ta ƙarya. Shugaban kwamitin kasuwar, Alhaji Garba, ya riƙe maganarmu da hannu biyu, ya ce a kira masu kwamfuta.

Na tafi da sabuwar riga, har da turare. Aka sa mini benci a gindin tsamiya, aka ɗaure Laraba a gefe, Inna Hajjo ta zauna a ƙasa kusa da ita. Na buga lambar rajista, na juya fuskar kwamfuta wajen jama'a tun kafin ni kaina in duba, saboda tsabar yarda da aikina. Jama'a suka zuba wa kwamfutar ido. Da na leƙa, sai na ga a saman hoton akwai ɗan sararin sama, da huluna biyu, da goshi biyu, da yatsu suna riƙe da wani abu. Daga nan har ƙasa babu komai sai toka-toka, kamar bangon da aka shafe da siminti.

Alhaji Garba ya gyara tabarau. "Injiniya, wannan ce saniyar?"

"Ranka ya daɗe, lambar dai tata ce."

"To hular fa?"

Wani daga baya ya ce, "Ai koriyar nan hular Malam Buba ce." Nan take mutum biyar suka tabbatar. Malam Buba ƙanin marigayi mijin Inna ne, kuma ashe duk ƙasar Kiru an san hularsa.

Ɗanlami ya miƙe a natse ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban sayi mutum ba. In Buba suke nema, yana gida."

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Alhaji Garba ya yanke cewa motar Kudu za ta yi lodi ranar kasuwa mai zuwa, kwana bakwai ke nan. In kwamfuta ta fito da saniya kafin nan, a bai wa Inna. In ba ta fito ba, Ɗanlami ya loda abinsa. Sai aka taso da maganar nono. Ɗanlami ya ce in Inna ta tatsa ta tafi da shi, an ba ta gaskiya ke nan tun kafin hukunci. Inna ta ce in ba a tatsa ba hantsar za ta kumbura. Kwamiti ya yi shawara ya ce Inna ta riƙa tatsa, amma nonon ya zama na kwamiti, a matsayin shaida. Duk kwanakin nan shida da fura suka riƙa shan shaidar.

Inna Hajjo ba ta koma gida ba. Ta ce ba za ta bar Laraba a hannun baƙi ba, ta shimfiɗa buhu a rumfar wata mai abinci, kullum tana yanko ciyawa a bakin gonaki. Maraƙin kuwa aka bar shi ga maƙwabta suna ɗura masa kunu.

Kwana na farko na ɗora laifin a kan netwok, don shi ne ba ya iya kare kansa. Na bi sawun aikawar, na ga abin da na'ura ta turo shi ne ya iso, ba ragi ba ƙari. Kwana na biyu na zargi ma'ajiyar bayanai ta ofis, na shiga ina buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya, abin da ba wanda ya taɓa yi a cikinmu. Mu alamar kore kawai muke dubawa, wadda ke cewa an karɓa. Kafin la'asar na tara fayil arba'in da uku masu irin wannan ciwo: huluna a sama, toka a ƙasa. Hular Malam Buba kaɗai ta fito a goma sha bakwai.

Na yi kuskuren faɗa wa direbanmu wannan, shi kuma ba ya iya riƙe magana ko ta minti biyar. Kafin gari ya waye labari ya kai kasuwa cewa Buba ya yi wa shanun yankin layar zana, kwamfuta ba ta ganinsu sai shi. Kwamiti ya aika a kira shi. Bawan Allah ya zo da hular a aljihu, kansa a buɗe cikin rana, yana rantsuwa shi ko layar ciwon kai ba ya ɗaurawa. Wasu suka fara zuwa gidansa da tsaraba suna roƙon ya yi wa nasu shanun, wai in kwamfuta ba ta gani, ɓarawo ma ba zai gani ba.

A ofis kuwa na lura da abu biyu. Na farko, hoto a wurin kwamfuta jerin lambobi ne, kowane ɗigo da lambarsa, kuma duk hotunanmu tsawon jerinsu ɗaya ne. Waɗannan arba'in da ukun gajeru ne, kowanne ya katse a wurinsa, tokar da muke gani ciko ce kawai da manhaja ke yi inda lambobi suka ƙare. Na biyu, duka mutum ɗaya ne ya ɗauke su, Malam Sale na Ƙafin Maiyaki. Na sa aka kawo na'urarsa, na yi murna na kama mai laifi. Na ɗauki hoton kujera, ya fito. Na ɗauki akuyar maigadi, ta fito har gemu. Na ɗauki motar Hajiya ta gaba da ta baya. Na'ura lafiyarta ƙalau, aka mayar masa da ita, kwana uku sun tafi.

Hajiya Rabi ta same ni na dafe kai. Ta ce, "Nafi'u, ka iya sa ciwon ya sake faruwa a gabanka?"

"A'a, Hajiya."

"To ba ka gano komai ba tukuna. Ka gwada na'ura, ka gwada netwok, saura mutumin. Tashi ka je ka ga yadda yake ɗaukar hoto."

Na ce ai mun ba su horo, duk iri ɗaya suke ɗauka. Ta dube ni ta saman tabarau, na ɗauki jakata.

Ranar ta huɗu da hantsi na sauka Ƙafin Maiyaki, ɗan acaɓa ya kai ni ƙofar Malam Sale. Dattijo ne mai tsafta, hula a karkace, alƙalami biyu a aljihu. Shekara ashirin yana da shagon hoto kafin wayoyi su kashe sana'ar, kuma har yau bai yafe wa wayoyi ba. Bayan mun gaisa na ce ina so in ga yadda yake aikin, tun daga farko har ƙarshe.

Ya shiga ɗaki ya fito da na'ura, da wani dunƙulen baƙin karammiski, da furen roba ja.

"Malam, wannan fa?"

"Labule ne. Na shagona."

"Na me?"

Ya dube ni da tausayi. "Injiniya, farar saniya a gaban farin fili ai ba hoto ba ne, wulaƙanci ne. Sai an sa mata baƙi a baya take fitowa da martabarta. Nakan samu mutum biyu su riƙe mini, su tsaya a baya su ɗaga shi har wajen idonsu. Furen kuma a ƙaho ake ratayawa."

Na ce a horo ba mu ce a sa labule ba. Ya ce ba mu kuma ce kada a sa ba, kuma duk wanda ya ba da horon nan bai taɓa riƙe kyamara don neman abinci ba. Wanda ya ba da horon ni ne, amma ban tuna masa ba. Ya ƙara da cewa ba kullum yake sawa ba, sai ranar da ya samu masu riƙewa kuma saniyar ta cancanta.

Na ce to mu gwada. Matsalar ita ce shanun garin duk sun fita kiwo, ba za su dawo ba sai yamma, ni kuma ba ni da yammar da zan bayar. Malam Sale ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya ce farar riga ce a jikina, kuma tsayina in na durƙusa zai yi daidai da karsana. Na yi ta waige ko zan ga akuya, babu. Na tuna da tsohuwar da ke kwana a kan buhu, na cire takalmi na durƙusa da hannu da gwiwa a ƙofar gidansa, a bakin hanya.

'Yan acaɓa biyu suka riƙe labule. Malam Sale ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce shi ba ya iya auna nisa in babu ƙaho. Mai koko da ke gefe ta ba da aron ludayi biyu, aka ɗaura mini su a kai da ɗankwali, aka rataya furen a na dama. Kafin a gama, masu wucewa sun tsaya, har wani mai rake ya ajiye baronsa ya fara ciniki.

"Ɗaga hanci, Injiniya. Kada ka yi murmushi, saniya ba ta murmushi."

Ya danna. Na rarrafa na duba: hulunan 'yan acaɓa biyu a sama, toka har ƙasa, babu ni babu ludayi. Wallahi ban taɓa jin daɗin ɓacewa irin na ranar ba. Na ce a janye labule a sake. Sai ga ni cikakke, da fure da komai. Aka mayar da labule, na ɓace. Sau uku muka yi, jama'a suna kabbara duk lokacin da na ɓace, wata tsohuwa tana cewa ashe ba Buba ba ne, labulen ne ke da aljanu.

Na zauna a dakalin Malam Sale, ludayin ma na manta ban kwance ba, na haɗa na'ura da kwamfutata. Na sa ta nuna mini lambobin hoton ta ɓangaren C, kafin su hau gada, da kuma ta ɓangaren Python, bayan sun sauka. Na jera su gefe da gefe ina bi da yatsa. Iri ɗaya suke tafiya, har zuwa inda na Python suka tsaya cak, na C kuwa suka ci gaba abinsu. Na duba lambar da ke daidai wurin tsayawar. Sifili ce.

Ga bayanin ga wanda ba ɗan sana'a ba. Hasken kowane ɗigo yana tsakanin sifili da ɗari biyu da hamsin da biyar. Fari fat shi ne na ƙarshe, baƙi ƙirin shi ne sifili. A fili da rana ba kasafai ake samun baƙin da ya kai sifili ba, ko hancin saniya yana da ɗan haske a jikinsa. Karammiski kuwa shanye haske yake yi gaba ɗaya. A yaren C kuma akwai tsohuwar al'ada: in rubutu ake miƙawa, ba a faɗin tsawonsa, sai a sa sifili a ƙarshe, mai karɓa ya yi ta karɓa har ya ci karo da ita ya tsaya. Ni da na rubuta gadar, don neman sauƙi, na gaya mata abin da zai haye rubutu ne. Ya kamata in ce ɗanyun lambobi ne, ga inda suka fara, ga yawansu, a kwaso duka. Don haka duk hoton da ya zo, gada takan kwasa daga sama, ta wuce sararin sama, ta wuce huluna, tana isa bakin labule ta ga sifili ta ce an gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta nuna ja ba, abin da na ce ta yi shi ta yi.

Gyaran layi uku ne, ban kai minti goma ba. Sai dai murnata ba ta daɗe ba, don gyaran na hotunan gaba ne. Na Laraba an yanke shi tun ranar da aka ɗauka. Hawan C yakan ajiye cikakken kwafi a katin na'ura, amma dokar ofis, wadda ni na rubuta, ta ce a goge kati duk ƙarshen wata. Na gaya wa Malam Sale haka.

Ya ce, "A goge? Hoton mutane?"

Ya sake shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara. A ciki katuna ne, kowanne a naɗe cikin takarda, an rubuta sunan ruga da ajami. Ya ce mai hoto ba ya zubar da fim, ko da mai hoton ya mutu, don wata rana 'ya'yansa za su zo nema. Duk wata sai ya cire katin ya sa wani, bai taɓa goge ko ɗaya ba. Muka yi ta warwarewa har muka kai ga na Ɗansoshiya.

Na kira Hajiya na ba ta labari. Ta ce, "Laifin wa?"

Gaskiya na so in ce labule. Kalmar tana bakina, kuma kowa zai yarda, ga dattijo mai rataya wa shanu fure. Na dubi Malam Sale yana mayar da katunansa cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Nawa ne, Hajiya."

"To ka faɗa musu da bakinka. Kuma ka cire abin da ke kanka, an riga an turo mini hotonka."

Kwana na biyar ya tafi wajen fito da hoton da sake gwada komai, don ban yarda in sake juya kwamfuta wajen jama'a ban duba ba. Ranar ta shida muka koma gindin tsamiya. Na buɗe, sai ga Laraba tsaf a gaban baƙin labule, fure a ƙaho, Malam Buba da wani suna leƙowa ta sama kamar abokan ango. Hancin ya fito raɗau, fiye da duk hotunan da sauran ma'aikata bakwai suka taɓa ɗauka. Na ɗauki sabon hoton saniyar da ke ɗaure, na haɗa, zane ya hau kan zane. Ɗanlami ya duba da kyau, ya ce ya yarda, kuma ya san gidan wanda ya kawo masa ita. Malam Buba ya ciro hularsa daga aljihu ya sa.

Na miƙe na yi bayani gwargwadon iyawata. Na ce babu laya, babu aljani, labule bai yi laifi ba, ni ne na rubuta wani abu ba daidai ba shekara biyu da suka wuce. Alhaji Garba ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ba da umarni a kwance saniya. Wasu 'yan kwamiti na ga ransu bai so ba.

Inna Hajjo ba ta dubi kwamfutar ba ko sau ɗaya. Ta kwance igiya, ta shafa wuyan Laraba, ta durƙusa ta taɓa hantsar, ta daɗe tana taɓawa. Nonon ya ja baya sosai, ko ni da ban san kiwo ba na gani. Sannan ta ɗago ta kira ni da hannu.

"Ɗana, kai ne ka ce laifinka ne?"

"Ni ne, Inna. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ka sani, ɓarawon kwana ɗaya ya raba ta da ɗanta. Kai kwana shida."

Ta ja igiya suka kama hanya, ko juyowa ba ta yi ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Inda yare biyu suka haɗu a cikin manhaja, kada ku bar ɗaya ya yi zaton inda maganar ɗayan ta ƙare, ku faɗi tsawon, ku kuma ƙirga abin da ya iso. Kada ku yarda da alamar kore, ku buɗe ku gani da idonku. Ku fita ku kalli yadda mutane ke aiki da abin da kuka rubuta, don ba za su yi yadda kuka koya musu ba, kuma sau da yawa nasu ya fi naku kyau. Mu in mun yi kuskure a layi ɗaya, a kujera muke zaune mu gyara, fanka tana kaɗawa. Wanda zai kwana a kan buhu a kasuwa saboda layin nan, ko sunanmu bai sani ba.